Shuɗin Tsatsa

Babana marini ne a Kura.
Har ya koma ga Allah sabulu bai ga farin hannunsa ba.
Yakan tsamo ƙyalle daga karofi kore shar,
ya ɗaga sama, ya ce, "Jatau, tsaya ka gani."
Iska ta lashe shi sau ɗaya,
kore ya gudu, shuɗi ya zauna.
Na girma ina cewa shuɗi ɗan iska ne,
ba zagi ba, asali nake faɗa.

Yau ga ni a Ikorodu, bayan gidan Mama Abeke,
yumɓu har gwiwar hannu,
ina neman launin babana a jikin kwano.
Akwai garin shuɗi na kanti, mai zuwa ta jirgin ruwa,
cokali guda kuɗin hayar ɗakina,
kuma da safe farashinsa daban, da la'asar daban.
Mama ta tofar da ɓawon goro ta ce,
"Bar shi. Je ka Owode Onirin ka samo tsatsa."

Na je. Sallau mai gwangwan ya yi dariya har da riƙe ciki.
Mutane na sayen ƙarfe,
ni na zo sayen ciwon ƙarfe.
Ya bar ni na kankare ƙofar wata matacciyar danfo,
na ƙulle jan gari a leda kamar mai karɓo magani.

Tokar buntun shinkafa, wankin ruwa uku.
Farin dutse da na daka har kafaɗa ta yi tsami.
Tsatsa kuwa kaɗan, ko biyu cikin ɗari ba ta kai ba,
kamar kanwa a miyar kuka:
ka zarce, ka ɓata tukunya.
Gashin farko ya fito kalar kunun da ya kwana.
Na huɗu, bayan kwaɗo.
Na bakwai ya tsiyaye ya manne da bulo,
sai da guduma muka rabu.
Damina ta jiƙa itacen da na ɗauko daga Oko Baba,
maƙwabta suka kwashe shanya suna zagina da Yarbanci,
na gane rabi, na yafe rabi.

A gashi na goma sha ɗaya, wajen ƙarfe biyun dare,
Mama ta fito da zani a ƙirji,
ta leƙa idon tanderu, ta tura bulo ta toshe bututun.
Na ce wuta za ta mutu.
Ta ce, "Ba ta mutuwa. Yunwa za ta ji.
Ka hana ta iska, ta shiga cikin tsatsa ta ƙwato tata."
Harshen wuta ya leƙo ta huda, yana haki,
baƙin hayaƙi ya kwanta a kan kwanon rufi.
Na zauna a kan bokiti ina jin tanderu na gurnani
kamar go-sulo a kan gada ranar Litinin.

Kwana biyu ban buɗe ba.
Mai gaggawa shi ke kwasar tsingaro.

Kwano arba'in na jera. Uku suka amsa.
Ba shuɗin rawanin babana ba ne mai ƙyalli kamar hankaka,
wannan mai kunya ne,
irin na ruwan Ikko kafin kwalekwalen farko ya tsaga shi,
ya fi taruwa a gindi, inda shafin ya yi kauri.

Wata mata daga Lekki ta juya ɗaya a hannu,
ta ce ya koɗe, ko akwai mai duhu?
Na ce babu.
Ta ajiye.

Baba, naka sai ya sha iska yake fitowa,
nawa sai an shaƙe shi.
Ban san wanne ya fi kama da zaman Legas ba.
Na san dai da asuba na zuba koko a mai tsagar baki,
ina sha, shuɗin yana tasowa daga ƙasa
kaɗan kaɗan.